Taurin Abubuwa da Yadda Masana Suke Auna Shi

Gabatarwa

A zangon karatu da ya wuce, an ba mu aikin tattaro kalmomin da masu sana'o'in gargajiya suke amfani da su, ni kuwa sai ƙira ta faɗo a kaina. Na sami wani dattijo maƙeri a unguwar Hausawa ta garin nan, na zauna a gefensa da littafi da biro ina rubuta sunayen kayan aiki: uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi. Ina nan zaune ya gama ƙera wata wuƙa daga guntun sifirin na mota, ya mayar da ita wuta har ta yi jajawur, sannan ya tsoma ta a ruwa. Da ta huce sai ya ɗauki magagari ya goga a bakinta, ya karkata kunne kamar mai jiran a faɗa masa wani asiri. Na ce, "Baba, me kake saurare?" Ya ce, "Yaro, in magagari ya ci ƙarfe, to ƙarfen bai yi ba. In kuwa ya zame yana ƙara kamar an goga kwalba, to ya yi tauri." Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, bayan ya tabbatar wuƙar ta yi tauri, sai ya sake kanga ta a wuta. Na tambaye shi dalili, ya ce in ya bar ta haka, ranar da ta faɗi a kan siminti ranar za ta rabu biyu.

Wannan magana ce ta sa na shiga karance-karance a kan tauri. Abin da na gano shi ne, gwajin da dattijon nan ya yi da magagari shi ne tushen ɗaya daga cikin hanyoyi uku da masana kimiyya suke bi wajen auna taurin abubuwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana wa mai karatu waɗannan hanyoyi, da kuma dalilin da ya sa bai kamata mutum ya yarda da lambar tauri ba sai ya san da wane ma'auni aka samo ta.

Tauri Daban, Ƙarfi Daban

Ni da na koyi Hausa a aji, na daɗe ina ɗaukar tauri da ƙarfi a matsayin abu ɗaya. Ashe ba haka ba ne. A wajen masana, tauri shi ne yadda fuskar abu take ƙin karcewa ko lotsawa idan an danna mata wani abu. Ƙarfi kuwa shi ne yawan nauyin da abu zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe ko ya tsinke. Akwai kuma kalma ta uku wadda Hausa ta tanada tun da daɗewa, wato gautsi, saurin fashewa ko karyewa idan abu ya bugu. Sau da yawa tauri da gautsi tare suke tafiya. Kofin tangaran ya fi kwanon alminiyam tauri nesa ba kusa ba, domin cokali ba ya karce shi, amma a saki su biyun daga kan tebur a ga wanda zai kwana lafiya.

Ko lu'ulu'u, wato daimon, wanda babu wani dutse a doron ƙasa da ya kai shi tauri, bai tsira daga wannan ba. A shekarar 1905 aka tono wani ƙaton lu'ulu'u a Afirka ta Kudu mai suna Cullinan, nauyinsa karat 3,106, wato fiye da rabin kilo. A 1908 aka kai shi birnin Amsterdam na ƙasar Holan domin a raba shi. Gwanin da aka ba aikin, Joseph Asscher, ya yi masa ɗan tsagi, ya kafa bakin wata wuƙa ta ƙarfe a tsagin, ya buga, dutsen ya dare. Wuƙar nan ba za ta taɓa iya karce lu'ulu'un ba ko da za a shekara ana gogawa, amma ta raba shi, saboda yana da wasu layuka a cikin halittarsa inda yake da rauni. Saboda haka duk wanda ya ce a gwada lu'ulu'u da guduma a ga ko na gaske ne, to neman asara yake yi.

Bahaushe ya faɗaɗa kalmar har ta kai ga taurin kai da taurin bashi, ga kuma 'yan tauri waɗanda suke yankar jikinsu da wuƙa a dandali ba ta kama su. Wannan fage ne na daban, kuma babu na'urar da aka ƙera dominsa.

Hanya ta Farko: Karcewa

Wannan ita ce mafi daɗewa kuma mafi sauƙi. Ƙa'idarta ɗaya ce: abin da ya fi tauri yana karce wanda bai kai shi ba. Wanda ya tsara ta shi ne wani masanin ma'adinai Bajamushe mai suna Friedrich Mohs, a shekarar 1812, lokacin da yake aikin jera tarin duwatsu a birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Ya zaɓi ma'adinai goma ya jera su daga mafi laushi zuwa mafi tauri, ta yadda kowane ɗaya yana karce na ƙasa da shi.

Na 1 shi ne talki, dutse mai santsi wanda ake niƙawa a yi hoda. Na 2 jibsin, wanda ake zubawa a cikin siminti, ake kuma yin adon silin da shi. Na 3 kalsait, shi ne jigon dutsen farar ƙasa da masana'antun siminti irin na Sakkwato da Ashaka suke ƙonawa. Na 4 fulorait, na 5 afatait, na 6 feldisfa. Na 7 shi ne kwaz, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi da kyau, domin shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi. Na 8 tofaz. Na 9 kurandum, wanda in ya zo ja ko shuɗi mai haske shi ake kira yakutu. Na 10 lu'ulu'u.

Amfanin wannan jeri shi ne, mutum yana iya aiki da shi a daji ba tare da wata na'ura ba, domin kayan gwajin suna jikinsa ko aljihunsa. Farcen mutum yana wajen 2.5, kwabon tagulla yana wajen 3, wuƙa ta yau da kullum da gilashin taga suna wajen 5.5, magagari kuwa wajen 6.5. Ɓawon haƙorinmu, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, yana wajen 5. Idan ka tsinci dutse farce bai karce shi ba amma wuƙa ta karce shi, ka san yana tsakanin 2.5 da 5.5, ka riga ka rage yawan abubuwan da zai iya zama.

A nan ne maganar take taɓa aljihu. Akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ƙyalli da ake kira fairait, wanda ya sha ruɗin masu neman zinariya a ƙasashe da yawa. Zinariya abu ce mai laushi, taurinta tsakanin 2.5 da 3 ne, tsinin wuƙa yana shiga jikinta, in an doke ta da guduma sai ta baje. Fairait kuwa yana tsakanin 6 da 6.5, wuƙa ba ta kama shi, in an doke shi sai ya farfashe ya zama gari. Haka nan mai sayen shuɗin yakutu irin wanda ake haƙowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba yana iya raba shi da fasasshiyar kwalba, domin magagari yana cin kwalba amma ba ya taɓa yakutu. Sai dai a yi hattara. Fiye da shekara ɗari ke nan ana haɗa yakutu a masana'anta, kuma taurinsa daidai yake da na wanda aka tono. Gwajin karcewa yana tona asirin kwalba, amma ba ya raba yakutun ƙasa da na masana'anta.

Babban raunin ma'aunin Mohs shi ne, jeri ne kawai, kamar a jera ɗalibai a ce wannan ya zo na ɗaya wannan na biyu ba tare da an faɗi makin kowa ba. Tazarar da ke tsakanin lambobin ba ɗaya ba ce. Daga 9 zuwa 10 taki ɗaya ne a jerin, amma da aka auna da na'ura sai aka ga lu'ulu'u ya ninka kurandum tauri kusan sau huɗu. Wato ratar da ke tsakanin na 9 da na 10 ta fi wadda ke tsakanin na 1 da na 9 gaba ɗaya.

Yanzu mu koma ga yashi. Tun da kwaz yana mataki na 7, gilashi kuma bai kai nan ba, to ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce fuskar wayar hannu ko tabarau. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan makulli, alhali yawancin makullai ba su kai gilashi tauri ba. Mai laifin shi ne ƙurar da ke cikin aljihu, musamman a lokacin hunturu. Shi ya sa goge tabarau da busasshen gefen riga a ranar da ake hazo ba dabara ba ce, gara a fara zuba masa ruwa.

Wani abin da ni kaina na taɓa faɗawa tarkonsa shi ne rubutun "9H" da ake bugawa a kwalin gilashin kare fuskar waya. Mai shago ya ce mini wai saura taki ɗaya ya kai lu'ulu'u, na biya ina murna. Daga baya na gane wannan 9 ɗin ba ta Mohs ba ce, ta fensir ce. Bakin fensir haɗin girafait ne da yumɓu, kuma gwargwadon yawan yumɓun gwargwadon taurinsa. Shi ne ma'anar haruffan da muke gani a jikin fensir, daga masu laushi irin 2B, zuwa HB na tsakiya, har zuwa 9H mai tauri. Masu yin fenti ne suke gwada ingancin fentinsu da waɗannan fensirori. To abin da kwalin yake faɗa shi ne fensir mai tauri ba zai karce gilashin ba, wanda kuwa ko gilashin taga ya ci wannan jarrabawa. Ba a yi ƙarya ba, amma an bar mai saye ya yi wa kansa.

Hanya ta Biyu: Lotsawa

Ga injiniya mai ƙera injin jirgi ko gatarin mota, ma'aunin Mohs bai wadatar ba, domin kusan dukan nau'o'in ƙarfen da yake aiki da su sun cunkushe a tsakanin 4 da 8. Yana bukatar lamba ta ƙididdiga. A nan ne aka fito da dabarar danna wani abu mai tauri a jikin ƙarfe da sanannen nauyi, sannan a auna gurbin da ya bari.

Wanda ya fara kafa wannan hanya ta karɓu a masana'antu shi ne Johan August Brinell, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, a shekarar 1900. Ana ɗaukar ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10, a danna shi a kan ƙarfen da ake gwadawa da nauyin kilo 3,000, a bar shi daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a ɗaga. Zai bar gurbi zagayayye kamar ramin dara. Sai a auna faɗin gurbin da madubin ƙara girma, a lissafa faɗin farfajiyar ramin, a raba nauyin da ita. Abin da ya fito shi ne lambar Brinell. Alal misali, idan faɗin gurbin ya kai milimita 5, lambar za ta zama wajen 143. Idan milimita 4 ne, wajen 229. Idan milimita 3 ne, wajen 415. Ƙaramin gurbi, babban tauri. A wannan ma'auni darma tana wajen 5, tsantsar alminiyam wajen 15, tagulla wajen 35, ƙarfe mai laushi na yau da kullum kuwa wajen 120. A yau ƙwallon da ake amfani da shi na wani haɗi ne mai suna tangistin kabaid, saboda ƙwallon ƙarfe shi kansa yakan lotse idan ya haɗu da abin da ya kusa kai shi tauri.

Abin da ya sa masana'antu suka rungumi wannan gwaji shi ne, a wajen ƙarfe akwai dangantaka ta kusa tsakanin lambar Brinell da nauyin da ƙarfen zai ɗauka kafin ya tsinke. Maimakon a yanko guntu a ja shi har ya tsinke, sai a yi masa ɗan gurbi a ƙiyasta ƙarfinsa. Wannan ne wurin da tauri da ƙarfi suke haɗa hanya, amma a ƙarfe ne, ba a gilashi ko tangaran ba.

Matsalar Brinell ita ce gurbinsa babba ne, yana ɓata ƙaramin kaya, kuma aunawa da ido tana cin lokaci. Wasu Amurkawa biyu, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, waɗanda suke aiki a wani kamfanin ƙera boris a jihar Connecticut, su suka kawo mafita. Sun nemi rajistar na'urarsu a 1914, aka ba su a 1919. Ita wannan na'ura zurfin gurbi take aunawa, ba faɗinsa ba, kuma lambar tana fitowa nan take a fuskar agogonta. Ana fara danna tsinin da ƙaramin nauyi na kilo 10 domin ya zauna daram, sannan a ƙara babban nauyi, a janye shi, a duba iya zurfin da ya ƙaru. Tana da ma'aunai da yawa masu haruffa. Wanda aka fi sani shi ne na C, mai amfani da tsinin lu'ulu'u mai siffar mazurari da nauyin kilo 150. Kowane maki ɗaya a wannan ma'auni daidai yake da zurfin kashi 2 cikin 1,000 na milimita. Idan mai karatu ya ga an rubuta 58 HRC a jikin wuƙar kicin, to wannan ma'aunin ake nufi. Wuƙaƙe masu kyau sukan faɗo tsakanin 55 da 62, magagari kuwa yana sama da 60.

A 1921 kuma wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Vickers a Ingila, Robert Smith da George Sandland, suka fito da tsinin lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, kamar a kifa dalar gyaɗa ta Kano tsininta ya kalli ƙasa. Gurbin da yake bari murabba'i ne, ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Fifikonsa shi ne ma'auni ɗaya ya isa ga komai, daga darma har zuwa ƙarfe mafi tauri, kuma ana iya rage nauyin sosai har a gwada abin da bai kai kaurin gashi ba. Da irin wannan ne masu binciken haƙori suke gwada kayan cike rami.

Roba da katako su ma suna da nasu. Na roba ana kiransa ma'aunin Shore, tayar mota takan kai wajen 60 zuwa 70 a kansa. Na katako kuwa wani masani mai suna Gabriel Janka ne ya tsara shi a Ostiriya a 1906, inda ake auna ƙarfin da ake bukata a nutsar da ƙwallon ƙarfe zuwa rabinsa a cikin itacen. Abin lura shi ne, 60 na Shore da 60 na Rockwell da 60 na Brinell ba su haɗa komai ba in ban da kamannin lamba. Na farko roba ce, na biyu bakin wuƙa, na uku ƙarfe mai laushi ƙwarai.

Hanya ta Uku: Tsalle

Wannan ba ta bukatar dogon bayani. Duk yaron da ya taɓa sakin ƙwallon boris a kan siminti da kuma a kan tabarma ya san cewa abu mai tauri ya fi mayar da bugu. To ana sakin ɗan ƙarfe a kan abin da ake gwadawa, a auna iya tsallen da ya yi. Amfaninta shi ne na'urar ƙarama ce, ana iya kai ta wurin abin da ba ya ɗaukuwa. Wadda ta fi shafar rayukan jama'a ita ce gudumar Schmidt, wadda injiniya Ernst Schmidt ɗan Suwizalan ya ƙirƙiro a 1948 domin gwada kankare. Idan ana shakkar ingancin ginshiƙin bene, da ita akan fara dubawa. Amma fuskar kankaren kawai take ji, kuma danshi ko tsufan gini suna sauya lambar. Saboda haka idan sakamakon ya ba da tsoro, sai an huda ginshiƙin an ciro guntu an matse shi a na'ura kafin a yanke hukunci.

Daga Ina Tauri Yake Zuwa?

Amsar tana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna. Girafait na bakin fensir da lu'ulu'u duka sinadari ɗaya ne, wato kabon, ɗan uwan gawayi. A cikin girafait ƙwayoyin suna shimfiɗe ne fai-fai kamar takardun littafi, suna zamewa a kan juna, shi ya sa taurinsa yake tsakanin 1 da 2 kuma yake barin alama a takarda. A cikin lu'ulu'u kuwa kowace ƙwaya ta kama huɗu da ke kewaye da ita ta kowace fuska, babu inda za a zame.

Shi ma ƙarfe labarinsa na kabon ne, kuma a nan na fahimci abin da dattijon nan yake yi. Tsantsar baƙin ƙarfe ba shi da tauri sosai. Ƙusar kafinta tana da kabon kaɗan ƙwarai, ko an gasa ta an tsoma a ruwa ba za ta yi wani tauri na a zo a gani ba. Sifirin na mota kuwa yana da kabon kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 ko ɗan fiye, shi ya sa maƙera suke nemansa a wajen 'yan gwangwan. Idan aka gasa irin wannan ƙarfe ya kai wajen digiri 800, tsarin ƙwayoyinsa yakan sauya, kabon ya narke ya bazu a cikinsa. Kusa da wannan zafi, a digiri 770, maganaɗisu yakan daina kama ƙarfe, kuma maƙera a wasu ƙasashe da wannan alama suke gane lokaci ya kusa. In an bar shi ya huce a hankali, kabon yakan sami sarari ya koma mazauninsa, ƙarfen ya yi laushi. In kuwa aka tsoma shi a ruwa ko mai farat ɗaya, kabon yakan maƙale a inda yake, ya takura ƙwayoyin ƙarfen su kasa zamewa. Sai a sami tauri mai yawa, tare da gautsi kamar na kwalba.

Kangawa ta biyu da na gani ita ce maganin gautsin. Zafi ne kaɗan, wanda yake sassauta takurar, a rage tauri kaɗan a sami juriya mai yawa. Masana'antu suna yin wannan a tanderu mai ma'aunin zafi. Maƙeri kuwa launi yake kallo a jikin gogaggen ƙarfe. A wajen digiri 220 zuwa 230 yakan yi ruwan ƙaiƙayi, wanda ya dace da bakin wuƙa da aska. Idan zafin ya ƙaru sai ya koma ruwan ƙasa, sannan shanshanbale, a wajen digiri 300 kuma ya zama shuɗi, wanda ya dace da abin da ake so ya lanƙwasa ya dawo, kamar sifirin da zarto.

Da na koma wajen dattijon domin ƙarasa aikin kalmomina, na tarar yana ƙera gatari. Na lura ya bar launin ya wuce inda ya tsaya a ranar wuƙa kafin ya sake tsoma shi a ruwa. Na ce, "Baba, yau ka bar shi ya daɗe." Ya ce, "Wuƙa nama za ta yanka, shi kuwa wannan da kututturen ƙirya zai yi karo." Sannan ya miƙo mini magagarin ya ce in goga da kaina. A bakin gatarin ya ɗan kama kaɗan, a ƙeyarsa kuwa, inda ƙota take shiga, ya ci ƙarfen sosai har gari yana zuba.